Ba Bodil Ce Ta Bar Ƙofar a Buɗe Ba

Mai girma Magajin Garin Klitsund, kuma shugaban wannan zama, Asger Vestervig, masu girma 'yan majalisar gari, na ɓangaren dama da na ɓangaren hagu, da na tsakiya masu jiran su ga inda iska za ta kaɗa, wakilin ƙungiyar ma'aikata, Torben Illum, fastonmu da ta samu kujera can kusa da ƙofa, shugabannin makarantu, da na ɗakin karatu, da na tashar jiragen kamun kifi, ma'aikatan gidan kula da tsofaffi da suka taho nan daga bakin aiki ko tufafi ba su sauya ba, iyalan tsofaffinmu, da sauran mutanen gari, maza da mata, da suka keto ruwan sama da iskar teku suka cika wannan zaure har wasu na tsaye: ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanku da yamma, barkanku da zuwa.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake ya raɗa mini a bakin ƙofa cewa in taƙaita. Asger, benci ɗaya muka zauna a makaranta, ka san taƙaitawa ba ta cikin abin da na koyo. Ina godiya ga waɗanda suka dafa mana kofi, domin ba a taɓa yanke wata magana a garin nan da busasshen maƙogwaro ba. Babbar godiyata kuwa ga ma'aikatan jinya take, waɗanda suka yi kwana da kwanaki suna raba magani da biro da wayar tarho lokacin da allunan kwamfutocinsu suka mutu. Ba su gudu ba, ba su yi ƙorafi ba, ba su kuma nemi a yaba musu ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Gunvor Stausholm, ni ce ke riƙe da sashen kwamfutoci na hukumar garin nan. Ni ce kuke kira idan na'urar buga takarda ta yi gardama, ni ce kuma kuke zagi a zuci idan allo ya ce ku ɗan jira. Ina ji, ba na riƙo.

Ƙuduri biyu ne a gaban majalisa yau. Na farko ya ce a sauke Bodil Kragelund daga shugabancin gidan kula da tsofaffi, domin ta kwamfutar ofishinta ce masu kutse suka shigo mana a watan jiya. Na biyu nawa ne, yana neman a sauya yadda muke gyara kwamfutocin hukuma. Na tashi ne in roƙe ku ku yi watsi da na farko ku amince da na biyu. Ga Bodil can a layin baya, ta sunkuyar da kai. Aikinta, da sunan da ta gina tun muna 'yan mata, suna hannunku a wannan yammaci, saboda haka ku yi haƙuri ku saurare ni har ƙarshe.

Magana ta farko: mene ne faci, kuma me ya sa nake damun ku da shi?

Babu wata manhaja a duniya da aka gina ta ba tsaga. Masu ginin suna gano tsagar, su ƙera abin da zai toshe ta, su aiko mana. Shi ne faci. Amma ranar da suka sanar da duniya cewa ga faci, ranar ce kuma ɓarawo yake jin inda tsagar take. Daga nan tsere ne tsakaninmu da shi, kuma shi ba ya zuwa hutun bazara, ba ya tashi aiki da la'asar don ɗauko yara. Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon ya daɗe a tsage kafin ya shigo.

Hukumar nan tana da kwamfutoci fiye da dubu, daga makarantar ƙanana har ofishin awon kifi. Ba za mu iya bin su ɗaya bayan ɗaya a kan keke ba. Don haka muke da wata manhaja guda da ke kula da su duka daga ofishinmu. Mu a sashenmu Makiyayi muke ce mata. Ita ke sanin wace kwamfuta ce ke ina, wace ce ta karɓi faci, wace ce ke baya. Ita ke aika facin, ta sa shi, ta kashe kwamfutar ta sake kunna ta don ya zauna. Kwamfutar da ke barci ma tana iya ta da ita. Abu ɗaya ne ya gagare ta, kuma ya gagari kowace manhaja da ɗan Adam ya ƙera: ba ta iya ta da kwamfutar da aka yanke wa wuta daga soket.

Magana ta biyu, kuma nan ne gizo yake saƙar: dokoki biyu da wannan majalisa ta yi, a wannan zaure, kowace da tafi.

Doka ta farko yarjejeniya ce da ƙungiyar ma'aikata. Ta ce kada sashena ya kashe wa ma'aikaci kwamfuta a lokacin aiki, duk wani gyara a bari sai an tashi. Doka ce mai kyau. Wa ke son yana tsakiyar rubuta wa gwauruwa takardar fansho allo ya ɗauke? Torben ya yi gumi kafin ya samo ta, kuma ban zo in raina guminsa ba.

Doka ta biyu ta tsimin lantarki ce. Ta ce duk wanda ya fita ƙarshe daga ofis ya danna makunnin soket, kada a bar ko ɗigon jar fitila tana ci. Ita ma doka ce mai kyau, kuma ba ta sha wahalar shiga zukatanmu ba, domin da ita aka raine mu. Wane ne a cikinmu kakarsa ba ta taɓa bin sa da faɗa ba don ya bar fitila a ɗakin da ba kowa? Har kyauta muka sa. Kowace shekara, sashen da ya fi kowa tsimi yana karɓar Koren Soket, wanda aka kafa a kan katako, da kek mai kirim hawa uku, da hoto a jaridar mako.

To, jama'a, ku haɗa su biyun ku gani. Da rana an ce kada in taɓa. Da yamma an ce a kashe. Da rana kwamfuta na kunne, hannuna a ɗaure. Da yamma hannuna a sake, kwamfuta a mace. Yaushe ke nan zan sa facin? Makiyayi yakan fita da yamma da faci a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ji shiru, ya koma ya jira gobe. Gobe ma haka. Sashen da ya fi kowa bin doka shi ya fi kowa zama a buɗe, kuma sashen da ya fi kowa bin doka a garin nan kun san shi, gidan da Bodil ke shugabanta ne, domin ku kuka sha miƙa masa kek.

Kada wani ya ce ba a faɗa ba. Na kai maganar gaban kwamitin ayyuka tun ƙarshen hunturu, ganye bai ma fito ba. Aka saurare ni da kyau, aka gyaɗa kai, aka ce magana ce mai muhimmanci, don haka sai an ji ta bakin kowa. Aka kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamiti ya ce ba zai yanke ba sai kowa ya yarda, kuma kafin kowa ya yarda hutun bazara ya zo, gari ya watse zuwa gidajen bakin teku. Na san haka muke, kuma ina alfahari da cewa a nan ba a yi wa mutum dole. Amma ɓarawo bai zauna jiran rahoton ƙaramin kwamiti ba.

Da na ga haka, sai na hau keke na tafi wurin Bodil da kaina. Na same ta a durƙushe ƙarƙashin tebur, hannunta a kan makunni. Masu aikin dare a gidan da wayar hannu suke aiki, kwamfutocin ofis kuwa ita da kanta take zagayawa ta kashe kafin ta tafi gida. Na ce, "Bodil, don Allah bar wannan a kunne." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ke Gunvor, tun muna yara kike son ba da umarni. Majalisa ta ce a kashe, ke kin ce a kunna. Wa ya zaɓe ki?" Na ce, "Ba wanda ya zaɓe ni, amma ni na san abin da ke tafe." Ta ce, "To je ki gaya wa waɗanda aka zaɓa. Ku daidaita tsakaninku ku kawo mini magana ɗaya, ranar nan zan bi ta. Ni dai ba zan koya wa 'yan matan da ke ƙarƙashina cewa doka sai wadda mutum ya ga dama ba, domin gobe a kan magani za su gwada." Ta danna makunnin, ta zuba mini kofi. Na fito raina a ɓace, na zage ta a kan keke har gida. Amma ku gaya mini, a cikin abin da ta faɗa, wace kalma ce ba daidai ba?

Magana ta uku: abin da ya faru, yadda ya faru, ba yadda ake ba da shi a layin mai burodi ba.

Masu kutsen sun aiko da saƙo mai kama da na kantin magani. Kwamfutar da ke da faci, ko an buɗe saƙon, ba abin da zai same ta. Ba gidan tsofaffi kaɗai suka aika wa ba. Sun aika ɗakin karatu, sun aika tashar jirgi, sun aika makarantu, sun aika wannan bene da muke zaune a cikinsa, kuma tsagar nan tana buɗe a mafi yawansu. Me ya sa to aka shigo ta wurin Bodil? Saboda gidanta ne ke fara kunna wuta a garin nan. Tsofaffi ba sa jiran agogon ofis, da asuba ake fara ba su magani. Lokacin da sauranmu muke shafa man shanu a baƙin burodi, ita ta riga ta zauna bakin aiki. Aka buɗe saƙon a can, bayanan magungunan gidan suka kulle, Makiyayi ya yi kururuwa, muka datse sauran ofisoshi kafin masu su su cire rigar ruwa. Da a ce ranar nan Bodil ta makara, da yau sunan wani ne a kan ƙudurin nan.

Ba zan rufe abin da ya biyo baya ba, domin rufe shi cin amana ne. Ejnar Thorup, tsohon masunci da duk kun sani, likita ya rage masa maganin zuciya ana gobe abin zai faru. Sauyin yana cikin kwamfutar da ta kulle. Aka ba shi adadin da aka saba, jikinsa ya rikice, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Allah ya yi da sauran kwana, ya dawo. Na je gaishe shi, ya kama hannuna ya ce, "'Yar Stausholm, teku ta neme ni tun ina saurayi ba ta samu ba. Yau ga akwatin da ko jiƙa bai taɓa yi ba ya kusa kai ni ƙasa. Ku me kuke yi ne a ofishin naku, saƙa?" Na yi dariya a gabansa. Da na fito waje, kuka na yi.

'Yarsa, Jytte Thorup, tana nan tare da mu, ga ta can a layi na biyu. Ita ce ta tara sa hannun da ya haifar da ƙuduri na farko. Jytte, ban zo in ce fushinki ba ya kan hanya ba. Da mahaifina ne, da muryata ta fi taki tashi. Kin tsaya a bakin gadon asibiti kina kallon numfashinsa, kika ce sai wani ya amsa, kuma gaskiyarki ce, sai wani ya amsa. Abin da nake ce miki kawai shi ne, an nuna miki taiki an ɓoye jaki. Idan aka sauke Bodil yau, gobe wata za ta zauna a kujerarta, ta tarar da dokokin nan biyu suna nan daram, ta bi su kamar yadda ta gada, kuma mahaifin wata zai hau motar da naki ya hau.

Magana ta huɗu: abin da nake nema. Ba kuɗi na zo roƙo ba, ba sabuwar na'ura ba. Makiyayin da muke da shi ya isa, a kwance masa ƙafa kawai.

Ina neman a cire kwamfutoci daga dokar soket. A kashe fitila, a kashe tukunyar kofi, a kashe na'urar buga takarda, har a ci gaba da raba kek, amma kwamfuta a bar ta ta yi barci da wuta a jikinta, yadda za a iya ta da ita a yi mata faci ta koma ta kwanta. Abin da za ta sha a barcin bai kai abin da fitilar bakin ƙofar wannan zaure take sha ba.

Ina neman, idan faci na gaggawa ya zo, a ba ni izinin sa shi a ranar, lokacin abincin rana, sa'ad da kowa ya bar tebur ya tafi ɗakin cin abinci. Torben, na ga ka gyara zama. Na san abin da za ka ce: hutun abinci ma lokacin aiki ne, kuma abin da aka bayar yau da sunan gaggawa gobe ya zama al'ada. Na ji. Ka zauna da ni mu rubuta iyakarsa da hannunka, kowane wata in kawo maka bayanin sau nawa na yi amfani da shi. Amma ka tuna, matan da suka raba magani ba kwamfuta a kwanakin nan, su ma 'yan ƙungiyarka ne.

Ina kuma neman duk kwamfutar da ta ƙi karɓar faci bayan an yi mata gargaɗi, Makiyayi ya rufe mata hanyar shiga bayanan hukuma har sai ta karɓa. Ko ta wace ce. Ko ta shugaban makaranta ce, ko tawa ce, ko wadda ke cikin jakar da ke jingine da ƙafar shugaban wannan zama, wadda ba zan faɗi rabonta da faci ba saboda darajar benci ɗaya. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Za a ji haushi, ban ɓoye muku ba. Wata rana mutum zai dawo daga cin abinci ya tarar allo yana juyawa, ya kira ni da sunan da uwata ba ta raɗa mini ba. Na ɗauka. Gara a zage ni kowace Laraba har in yi ritaya da in sake tsayawa a bakin gadon wani tsoho ba ni da amsa.

Yanzu, da izinin shugaba, ina da tambaya ɗaya. Duk ma'aikacin hukuma da ke cikin zauren nan, wanda ya danna makunnin soket yau kafin ya taho, ya ɗaga hannu. Kada ku ji kunya, doka kuka bi. Ku ɗaga. Yauwa. Ɗakin karatu, na gan ku. Tashar jirgi. Makarantar arewa gaba ɗayanta. Torben, har kai? Asger, ɗaga da kyau, na baya ba su gani ba. To ku dubi juna. Yanzu haka da muke zaune, akwai sabon faci da ya iso shekaranjiya yana jira, kuma duk hannun da ke sama ya rufe masa ƙofa. Abin da kuka yi da yammacin nan shi ne duk abin da Bodil ta yi. Ku sauke hannu.

Bodil, ina za ki? Tsaya. Jama'a, ku ba ta hanya, amma ke ki tsaya nan inda kike. Na ga abin da ke hannunki, makullan gidan ne. Na san ki: so kike ki ajiye su a kan teburin shugaba ki fita, ki hutar da majalisa, kada a ce saboda ke gari ya rabu biyu. A'a. Ba ki isa ba, yau kam ni ce ke ba da umarni, ko an zaɓe ni ko ba a zaɓe ni ba. Idan kika ajiye su, kin wanke kowa. Za a ce ai ta amsa da kanta, a sha sauran kofi, a ɗage nawa ƙudurin zuwa wani zama, kowa ya koma ofis gobe ya ci gaba da danna makunni da zuciya fara. Mayar da su aljihu. Idan za a karɓe su, a karɓe su da ƙuri'a, a gabanki, kowa yana kallon fuskarki yana ɗaga hannun da ya ɗaga ɗazu.

Kada ki koma baya, an riga an zauna a kujerarki. Wa zai matsa mata? Akwai wuri a layi na biyu, sai dai an ɗora riga a kai.

Jytte. Na gode da kika ɗauke rigarki. Zauna nan, Bodil.

Mai girma shugaba, ban da sauran abin faɗa.

Allah ya ƙara wa Ejnar Thorup lafiya, ya bar shi ya ci gaba da yi mana tsiya shekaru masu yawa. Allah ya sanyaya zuciyar 'yarsa, ya saka wa masu jinyar tsofaffinmu da alheri, ya ƙarfafa hannuwansu da asuba. Allah ya ba 'yan majalisar nan basirar gane gaskiya da ƙarfin halin tsayawa a kanta. Ya tsare waɗanda ke kan teku a wannan iska, ya tsare waɗanda ke kwance a gidan tsofaffi suna jiran maganin safe, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.